Shekara Ashirin da Bakwai Ina Juya Malam

Azumin waccan shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Zafi ne irin wanda tun hantsi bangon ɗaki yake ɗauka, ya riƙe shi har bayan sallar asham, in ka jingina bayanka sai ka janye da sauri. Wutar lantarki kuwa takan leƙo ne kamar mai neman wani, in ba ta same shi ba ta koma. Komai ya yi tsada, ƙanƙara ma sai an yi mata layi a bakin titi. Amma ni shekarar ba ta yi mini nauyi ba. Manyan yarana uku duk sun kama gabansu, saura autata da take karatun aikin jinya, gidanmu na Rijiyar Lemo ya yi fili har ina jin ƙarar takalmina a tsakar gida. A shekarar ne kuma maigidana ya ajiye aikin koyarwa. Malam kowa yake ce masa, ni ma haka nake ce masa tun ranar da aka kawo ni.

Ranar uku ga azumi, mun sha ruwa, ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon buzu da yake ajiye a saman kabad cikin leda. Na mahaifinsa ne. Ya kakkaɓe shi, ya shimfiɗa, ya zauna a kai.

Ya ce, "Innar yara, bana zan shiga i'itikafi. Na ba da sunana."

Na ce, "Masha Allahu, Malam. Allah ya karɓa."

Na san abin da maganar take nufi a wurinsa. Mahaifinsa tun yana Misau, har ya dawo Kano ya tsufa a Fagge, bai taɓa barin goman ƙarshe ta same shi a gida ba. A kan buzun nan yake kwana goma a masallaci. Malam kuwa duk shekara aiki yake hana shi, ko jarrabawa ko makin takardu, ya ce, "In Allah ya kai mu ranar hutu." To ga ranar ta zo. Fuskarsa a daren kamar ta yaron da aka ɗinka wa kayan salla.

Ni kuwa sai na ajiye kunun da nake sha, saboda Malam yana minshari. Ko yanzu da nake rubuta wannan sai da na waiga.

Ba da shi na same shi ba, wannan zan faɗa don a yi masa adalci. Sanda aka yi aurenmu siriri ne, barcinsa shiru kamar na kyanwa. A shekara ta biyu, da tuwona ya fara karɓarsa, wuya ya cika, wani dare na farka a firgice na ɗauka an tayar da injin markaɗe a bayan gida. Na saurara, na ji ashe injin a kusa da kunnena yake. Na kwana zaune. Bayan sati guda ina kallo na gane abu ɗaya: in ya yi rigingine abin yake tashi, in ya kwanta ta gefe sai ya lafa.

To ta yaya zan faɗa? Mu a gidanmu na Kwaciri, Innata ko sunan Babanmu ba ta faɗa, balle aibinsa. Ina da shekara goma sha tara, ko ido ban iya haɗawa da Malam ba tukuna. Sai wani dare da abin ya kai ni bango na ɗan taɓa kafaɗarsa, na ce a hankali, "Malam, ka juya dama, an ce sunna ce."

Ya juya. Cikin barci ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Ɗaki ya yi tsit.

Shi ke nan na samu hanya. Sau biyu, wani daren sau uku, da zarar na ji ya fara ɗaukar numfashi irin na tashi, sai in taɓa shi in faɗi kalmomina. Har na iya yi ba tare da na buɗe ido ba, yadda ake jijjiga jariri. Ban taɓa barin abin ya yi tsawon da zai tsallake katanga ba. Shi kuma Malam ba mai kwana a waje ba ne, a mota ma ba ya runtsawa, tsoron hanya yake, carbi yake ja har a isa. Saboda haka daga ni sai yaran da suka tashi a gidan muka sani, su kuma ba wanda ya isa ya buɗe baki.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi. Sai dai Malam mutum ne mai yaba alheri. Ana yawan kiransa wurin walimar aure ya yi wa ango da amarya nasiha, kuma ba ya tashi sai ya kawo ni. Yakan ce, "Ku nemi macen da take tsare muku addini ko kuna barci. Ni iyalina, wallahi, tsakar dare take tashina don kada in saɓa wa sunna." Maza su yi ta kabbara. Mata su tare ni a wurin suna, su ce Hajiya ki sa mu a addu'a. In sunkuyar da kai, su ce dubi tawali'u.

Abu na biyu shi ne ya fi tayar mini da hankali. Malam yana cikin kwamitin masallacin unguwarmu. A azumin da ya wuce, wani Alhaji mai shagon takalma a Kasuwar Sabon Gari, mutumin kirki mai jiki, ya shiga i'itikafi ya hana mutane runtsawa. Aka kawo ƙara gaban kwamiti. Malam ne da bakinsa ya kawo shawarar cewa duk mai minshari ya riƙa shimfiɗa a baranda, tunda ita ma cikin masallaci take. Bai tsaya nan ba, har ya ƙara da cewa minshari ba komai ke kawo shi ba sai cika ciki da rashin kiyaye kwanciya. A gaban jama'a ya faɗa, Alhajin yana zaune. Da ya dawo gida yana ba ni labari yana dariya, na ce, "Ayya, bawan Allah." Ya ce, "Ke kin cika tausayi, Innar yara. Ai ba ki san azabar kwana kusa da mai minshari ba."

Na ce, "Haka ne, Malam."

Yanzu ga shi zai je ya shimfiɗa buzun mahaifinsa a sahun gaba, cikin mutanen da suka ji wannan magana, kuma babu mai taɓa kafaɗarsa. Na san a daren farko za a ji shi. Na kuma san mutanen unguwarmu: ba za su ce masa komai ba, sai dai har ya mutu in ya wuce majalisa wani ya ɗan ja hanci, sauran su kau da kai suna danne dariya. Mutumin da ya koyar da rabinsu.

Na yi ta juya abin har azumi ya kai sha biyar. Autata ta lura.

Ta ce, "Mama, wai maganar Baba ce? Ai mai sauƙi ce. Ki bari in yi masa rikodin a waya, da safe a kunna masa, magana ta ƙare."

Na ce, "Ubanki za ki ɗauka yana barci kamar ɓarawon akuya? Kada in ƙara ji."

"To ki faɗa masa mana."

"Da wane bakin?"

Ta ce, "Da wanda kike cewa juya dama."

Na jefe ta da murfin kwano, ta gudu tana dariya.

A daren ne dabara ta zo mini. Malam yana da taubashiya, 'yar ƙanen mahaifiyarsa, mai sayar da atamfa da leshi a Sabon Gari. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Tsakaninta da Malam babu abin da ba a faɗa. Ita 'yar namiji ce shi ɗan mace, saboda haka bawana take ce masa, ta cire masa hula a gaban baƙi, ta ce kansa kamar tulun da aka fasa wa baki, shi kuma ya rama, ba mai fushi. Na ce to, abin da ya fi ƙarfin bakin mata ai bai fi ƙarfin bakin abokiyar wasa ba. Ita ta faɗa, ya ji, ni kuma ina gefe da mutuncina.

Washegari da azahar na hau adaidaita sahu. Kasuwa ta cika da masu sayen kayan salla, rana kuma kamar a kan mutum aka ajiye ta. Na samu Yaya a shago ta baje a kan tabarma tana fifita da kwalin atamfa, tana yi wa wata mata ciniki.

Ta ce, "A'a, matar bawana! Da ranar nan? Ya sake ki ne? In ya sake ki faɗa mini, ina da wanda ya fi shi tsawo."

Na jira mai sayen ta tafi. Na matsa kusa da ita, na faɗa mata a kunne. Ta ce ba ta ji ba. Na maimaita. Ta ajiye kwalin, ta dube ni, sai ta kwanta a kan atamfofi tana dariya har da riƙe ciki.

"Shi? Mai dokar baranda?"

"Yaya, don Allah rage murya."

"Shekara nawa?"

"Ashirin da bakwai."

"La ilaha illallahu. To sunnar da yake cika mana kunne da ita a gidan biki fa?"

Na sunkuyar da kai. Ta sake kwanciya. Maƙwabciyar shagonta ta leƙo ta ce lafiya, Yaya ta ce azumi ne ya taɓa ta.

Da ta nutsu ta share hawaye da gefen mayafi, ta ce, "Ke dai Allah ya ba ki lada, ni da tuni na cusa masa tsumma. Bar ni da shi. Jibi a gidanku zan sha ruwa. Ki yi mini ƙosai da yawa, kada ki yi irin na rowar nan na mijinki."

Ta zo kuwa, ranar sha takwas. Na yi ƙosai, na yi kunun tsamiya, na dafa dankali. Ba mu kaɗai ba ne, akwai ƙanen Malam da matarsa da suka biyo. Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida. Malam ya dawo daga masallaci, yana ganinta ya ce, "Wa ya bar ƙofa a buɗe?"

Ta ce, "Uwar ɗakinka ce ta zo duba dukiyarta. Na ji an ce za ka shiga i'itikafi."

"In sha Allahu. Za mu roƙa miki shiriya."

"To ka tafi da gidan sauro, don a baranda za ka kwana."

"Saboda me?"

"Saboda minsharinka, bawana. An ce in ka fara, kajin Kwaciri ma tashi suke su ɗauka asuba ta yi."

Na sa ido a kan kofin hannuna. Na jira in ji shiru, irin shirun mutumin da magana ta shige shi. Sai na ji Malam ya fashe da dariya.

Ya ce wa ƙanensa, "Ka ji ta ko? Bara cewa ta yi ina da wutsiya. Bana kuma minshari. Baɗi sai ƙaho."

Yaya ta ce, "Wannan ba wasa nake ba."

"Ai kullum haka kike cewa."

"Na rantse maka..."

"Kada ki ɓata azuminki na gobe tun yau. Ke da kike barci a shago baki buɗe, ƙudaje suna shiga suna fita kamar tasha."

A nan na gane kuskurena. Na zaɓi mutum ɗaya tak a duniya da duk abin da ta faɗa masa ba zai taɓa ɗauka gaskiya ba. Shekara hamsin suna yi wa juna ƙarya don raha, yau ta zo da gaskiya a kwano ɗaya da wancan.

Sai Malam ya juyo gare ni, yana murmushi, hannunsa riƙe da ƙosai.

"To ga mai shaida. Innar yara, faɗa mata. Ina minshari?"

Ƙanensa yana kallona. Matar ƙanensa tana kallona. Autata ta tsaya a ƙofar kicin da faranti a hannu. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "A'a, Malam."

Ya ajiye ƙosan ya tafa hannu. "Kin ji! Tashi ki tafi da ƙaryarki, ki bar mana ƙosanmu."

Da na raka Yaya zaure ta tsaya ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Yanzu ke, ki ɗauko ni daga Sabon Gari ki mai da ni maƙaryaciya a gaban bawana?"

"Yaya, ki yafe ni. A gaban ƙanensa fa ya tambaye ni."

Ta daɗe tana dubana. Ta gyara mini ɗankwalina da ya zame. Ta ce, "Maganar nan baki ɗaya gare ta a duniya, kuma ba nawa ba ne. Saura miki kwana biyu."

Ranar sha tara na wuni ba daidai ba. Na zuba gishiri a kunu. Ga ƙaryar da na yi a watan azumi tana cina, ga shi na ƙara masa tabbaci a kan abin da zai kunyata shi. A ajin yaƙi da jahilci da na yi bayan na yaye autata, malamarmu takan ce in magana ta yi wa mutum nauyi ya rubuta ta. Na ɗauko littafina na rubuta layi biyu, na karanta, na ga in na miƙa masa takarda kamar sammaci na kai masa. Na yage.

Bayan asham ya dawo ya zauna a tabarma yana haɗa kaya a jaka. Alƙur'ani, carbi, tocila, jallabiya biyu, buzu a naɗe. Yana yi yana ɗan rera karatu a hankali. Autata ta shige ɗaki. Na kawo masa ruwan randa, na zauna a gefen tabarma, ba a inda na saba zama ba.

Na ce, "Malam, akwai magana."

"Ina ji."

"Abin da Yaya ta faɗa jiya."

Ya yi dariya. "Rabu da ita."

"Ni na je na same ta a kasuwa. Ni na roƙe ta ta faɗa."

Hannunsa ya tsaya a kan jakar.

Na ce, "Gaskiya ce, Malam. Jiya ƙarya na yi, kunyar ƙanenka na ji. Ka yafe mini."

Wani mai babur ya wuce a lungu, ƙararsa ta ɓace.

"Tun yaushe?"

"Tun ina da cikin fari."

Ya ƙirga a ransa, na ga leɓensa yana motsi. "Kullum?"

"In ka yi rigingine."

"In na yi rigingine," ya maimaita. Sai ya ɗago a hankali ya dube ni. "To sunnar fa?"

"Sunna ce mana, Malam. Ni ban ƙirƙire ta ba. Sai dai ba ita kaɗai take sa ni tashinka ba."

Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. "Innar yara, kin san a gidan biki nawa na faɗi maganar nan?"

"Na san wasu."

"Har liman ya taɓa kawo ki a huɗuba. Bai faɗi suna ba, amma kowa ya gane."

"Ina wurin."

Ya shafa kansa. Sannan ya ce, da murya irin ta mai tambayar likita, "Yana da ƙarfi?"

"Daidai gwargwado."

"Ya kai na Alhaji mai takalma?"

"Ban taɓa jin nasa ba."

"Kwatanta mini."

"Haba Malam."

"Ki kwatanta. Ai ina da haƙƙin in san abin da nake yi."

Na roƙe shi, ya ƙi. Sai na ja mayafina na rufe fuskata gaba ɗaya, na ja numfashi, na yi masa. Ban yi da ƙarfi ba, na farkon kawai na yi, wanda yake zuwa kafin babban. Daga cikin ɗaki muka ji autata ta tuntsire, sannan ta toshe baki da matashi.

Malam ya ce, "Ita ma ta sani?"

"Duk sun sani."

"Wannan da kika yi, shi ke nan?"

"Wannan sallama ce, Malam."

Na ɗauka zai yi dariya. Gefen bakinsa ya motsa, amma bai yi ba. Ya sa hannu ya zaro buzun daga cikin kayan, ya ajiye shi gefe.

Ya ce, "Gobe zan je in ce a cire sunana. Zan ce jikina ne ba daɗi."

Wannan ban tsammace shi ba. Duk tunanina a kan kada a yi masa dariya yake, ban taɓa kawo cewa maganata za ta raba shi da abin da ya jira shekara talatin ba. Ni ba mai yawan magana ba ce, amma a daren na yi wadda ban taɓa yi ba.

Na ce, "Malam, ban faɗa maka don ka fasa ba. Da fasawa nake so, da na bar ka ka je su faɗa maka. In ka cire sunanka, ni ce na tare maka hanyar mahaifinka, kuma ba zan iya ɗaukar wannan ba. Sannan ka ce jikinka ba daɗi, ga tawa ƙaryar ga taka, a goman ƙarshe? Minshari ba zunubi ba ne. Ni na kwana kusa da shi shekara ashirin da bakwai, ga ni, ko ramewa ban yi ba."

Ya ce, "Ba ki san abin da na faɗa wa mutumin nan a gaban jama'a ba."

"Na sani. Kai ka ba ni labari."

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya bar kayan a tabarma. Na kwashe su na kai ciki, buzun kuma na bar shi a inda ya ajiye, don ba ni na cire shi ba.

A daren bai yi barci ba. Ya kwanta a damansa a sandare kamar katako, duk sanda na duba idonsa biyu. Ni ma ban yi ba, ina ta tunanin ko na yi daidai.

Da sahur na zuba masa tuwo. Ya dubi kwanon, ya dubi cikinsa, ya ture rabi gefe. Na yi kamar ban gani ba. Ya ci loma uku, ya sha ruwa.

Ya ce, "Barandar nan, akwai sauro?"

"Ban taɓa kwana a can ba, Malam."

"Akwai. Alhaji ya ce bara sun kusa ɗauke shi." Ya sake shan ruwa. "Sa mini gidan sauro a jakar. Babban, mai cin mutum biyu. In an idar da asuba zan tare shi kafin ya wuce kasuwa."

"Me za ka ce masa?"

"Abin da ya kamata. Sannan in faɗa wa kwamiti da bakina, kafin su ji da kunnensu." Ya rufe kwanon. "Amma kada ki faɗa wa waccan matar ta Sabon Gari. A bar ni in gama ibadata lafiya, in ya so bayan salla ta kashe ni."

Na ce to.

Ya miƙe zai yi alwala, ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba.

"Innar yara, a can wa zai riƙa juya ni?"

Na ce, "Je ka salla, Malam. Bar wannan a hannuna."

Da ya tafi, gari ya waye, na ɗauko tsofaffin matasan kai guda uku da yara suka bari, na farke su, na zazzage audugar a faranti na baza a rana ta sha iska. Na yanki wani yadi mai kauri da ya rage daga labulen falo, na ɗinka shi dogo kamar buhu, tsawonsa daga kafaɗa zuwa ƙugu. Na yi ta cusa audugar ina dannawa da muciya har ya yi tauri. Na kira autata na ce ta kwanta a damanta, na tokare mata baya da shi, na ce ta yi ƙoƙarin yin rigingine. Ta yi, ta mirgine ta kai. Na ce ashe bai isa ba, ubanki ya fi ki nauyi. Na farke bakin, na ƙara audugar matashina, na sake ɗinkewa da zare ninki biyu. A karo na biyu ta yi ta turawa, abin ya ƙi motsi. Na ɗaure shi da igiya a jikin jakar, na jingine a zaure inda zai gani in ya shigo, sannan na koma na jiƙa waken ƙosan da za a kai musu masallaci da yamma, na mutum biyu.